Ranar da Hanora Talty Ta Taka Gonar Hehir da Ƙafarta

Idan ka shigo ka ce wa Goggo Hanora ana ruwa a waje, ba za ta ƙaryata ka ba, amma sai ta tashi ta miƙa hannu ta taga. Haka na taso na same ta. Yayar mahaifina ce, kuma daga Miltown har bakin teku, a yammacin gundumar Clare, ba wanda bai san halinta ba. Wasu na cewa da shi aka haife ta. Mahaifiyata kuwa cewa take yi a shekarar aurenta abin ya kama ta, bai ƙara sakinta ba. Na ji labarin shekarar nan daga bakin su biyun, kuma ba ko'ina maganarsu ta dace ba. Inda suka saɓa, ta Goggo na ɗauka, don ita ce ta yi tafiyar.

Shekarunta talatin da shida a lokacin, ana saura shekara guda a fara babban yaƙi na biyu. Tun tana 'yar sha tara uwarsu ta rasu, gidan ya dawo kanta: tatsar shanu, kaɗa mai, kaji, aladu, wankin mahaifinsu da na ƙaninta Colman, wato mahaifina. Sauran 'yan'uwan duk sun haye Amurka. Ba wanda ya taɓa kawo maganar aurenta da gaske. Kowace shekara, Lahadin farko ta azumin Kirista, wanda ba a ɗaura aure a cikinsa, yara kan laɓe a ƙofar coci su shafa alli a bayan duk wanda lokacin ɗaurin aure ya wuce bai yi ba. Ita har ta ware wani tsohon mayafi na wannan ranar.

Sai ga shi a watan Janairun nan kowa ya damu da ita. Kakana, tsoho Murty, wanda bai taɓa tambayarta ko ta gaji ba, ya fara cewa aikin gidan ya yi mata yawa. Colman ya dawo daga kasuwa da safar hannu ya miƙa mata. Ta juya safar ciki da waje, ta dube shi.

"Me ka fasa?"

"Haba Yaya, mutum ba zai yi miki alheri ba?"

"Zai yi. Kai dai ban saba gani ba."

Ba ta kwana uku ba ta gano bakin zaren. Colman ya samu yarinya, Delia, wadda ta zama mahaifiyata, kuma uban Delia ba zai kai 'yarsa gidan da wata mace ke riƙe da murhu ba. Dukiyar da zai bayar tare da ita kuwa, ita ce za a miƙa wa duk wanda zai ɗauki Hanora. Dukiyar aure ɗaya a wurinmu takan zaga gida uku kafin ta zauna.

Ranar wata Laraba da la'asar Malachy Queally ya ɗaure dokinsa a ƙofa. Fataucin aladu yake yi, amma daga Kirsimeti zuwa azumi dalilin aure ne sana'arsa. Ya zauna, ya zaro kwalbar wuski daga aljihun kwat ya dire a tebur, kowa ya san abin da ya kawo shi. Goggo tana gefe tana fere dankali, ba wanda ya ce ta fita, ita ma ba ta motsa ba.

"Thady Hehir na Derreen," in ji Malachy. "Gona mai ciyar da shanu takwas, Murty. Rijiya a bakin ƙofa. Ba uwa, ba uba, ba kowa. Gida fayau, mace ta shiga ta ajiye kujerarta inda ta ga dama."

"Shekarunsa fa?"

"Yana cikin ƙarfinsa."

"Haƙora?"

"Doki za ka saya ne? Yana cin nama, na gani da idona."

Suka yi dariya, aka ƙara zubawa. Goggo ba ta ɗago kai daga dankalinta ba ta ce, "Mutum mai shanu takwas, ga rijiya a ƙofa, ba uwa ba uba. Me ya hana shi aure har yau?"

Malachy ya juyo da murmushin da yake sayen alade da shi. "Kunya, 'yata. Allah ya zuba wa bawan nan kunya."

"Ta yi yawa kuwa," in ji ta.

Mako na zagayowa kakana da Colman suka sa kayan coci suka tafi taka gonar, su ga abin da za a ba da 'yarsu a kai. Suka dawo fuska ta yi ja, baki ya ƙi rufuwa. An ba su naman alade da ƙwai, an ba su abin sha, an zaga da su. Kakana ya zauna yana lissafa mata shanun ɗaya bayan ɗaya kamar nasa: baƙaƙe uku, wata mai ciki, wata ja mai karyayyen ƙaho da farin tabo a goshi kamar tafin hannu.

"Ƙahon hagu?" in ji Goggo.

"Na hagu. Ya aka yi kika sani?"

"Tambaya na yi."

Ta san saniyar. A kasuwar shanu ta Oktoba ta tsaya kusa da ita tana sayar da 'yan talotalo, ta ga wanda ya saye ta: wani Lynch, ɗan kawun Thady Hehir, wanda gonarsa ke jingine da ta Thady. Ba ta faɗa ba. Ta ci gaba da tambaya a hankali, kamar mai neman hira.

"Kun shiga ɗakunan duka, Baba?"

"Duka. Ban da na yamma, a kulle yake. Dankalin iri ne a ciki."

"Mutumin da ke zaune shi kaɗai, wa yake kulle wa dankali?"

"Ɓeraye," in ji Colman, ya yi dariya shi kaɗai.

"Burodin da kuka ci, wa ya gasa?"

Kakana ya buga lofensa a gefen murhu. "Maƙwabciya. Ke wai alƙali ce? An samo miki gida, ki gode wa Allah."

Aka sa ranar cin dinya, ranar da ake kawo mutumin gidan mace su ga juna. Ita da kanta ta yanka dinyar, ta fige, ta cusa mata dankali da albasa ta gasa. Thady Hehir ya zo tare da Malachy. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, furfura ta cinye gefen kansa, hamsin ko ya ɗan haura. Ya zauna hularsa a gwiwa, in an yi masa magana sai ya dubi Malachy tukuna. Goggo ta ce fuskarsa ba ta dame ta ba, ba kyau ba muni. Rigar sanyin da ke jikinsa ce ta tsaya mata a rai. Saƙar hannu ce, sabuwar ulu, kuma an yi wa gwiwar hannun wani faci ƙanana-ƙanana wanda sai ka matso za ka gani. Sannan da aka kawo waina mai zabibi, ta ga ya faki idon mutane ya naɗe yanki guda a hankici ya tura aljihu.

Bayan cin abinci aka tura su ɗakin baƙi su biyu, aka bar ƙofa a buɗe.

"Wa ya saƙa maka rigar nan?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Tsohuwar riga ce."

"Ban tambaye ka shekarunta ba."

Ya dubi hularsa. Can ya ce an yi ruwa da yawa bana, ingirici zai yi tsada. Ta ce haka ne. Iyakar hirarsu ke nan, aka kira su.

Abin da ta raya a ranta, mace ce yake ɓoyewa, wataƙila har da ɗa. Ta ce kwana biyu tana juya abin, tana tatsa tana juyawa. Ba wanda za ta tambaya, don duk wanda ta sani yana da rabo a cikin auren nan: mahaifinta yana so ya huta, Colman yana son Delia, Malachy yana son ladansa. Ko fada, limamin coci, in ji ta, yana da nasa na ɗaurin aure biyu.

Ranar Alhamis mazan suka tafi kasuwar Ennistymon tun da sassafe. Ta gama tatsa, ta ɗauki kwando kamar mai neman ƙwan ƙyanƙyasa, ta ari keken matar maƙeri, ta kama hanyar Derreen, mil tara. Mace ba ta zuwa ganin gonar da za ta aura. Mahaifiyata har ta tsufa tana cewa abin kunya ne, da labarin ya fita kafin biki da duka auren biyu sun watse.

Ba ta bi ta babbar hanya ba inda aka bi da su kakana. Ta ɓoye keken a bayan katangar dutse ta sauko ta ƙasa, nan ta ga kashi ɗaya cikin uku na gonar fadama ce, ciyawar ruwa har gwiwa, ƙafa na nutsewa. Shanu huɗu ta gani suna kiwo. Ta leƙa garken: turaku takwas ne, amma huɗu kaɗai ƙasarsu ta tattaku, sarƙoƙin sauran sun yi tsatsa. Ta zaga ta duba jujin taki, na shanu huɗu ne. Rijiya dai tana nan a bakin ƙofa, wannan Malachy bai yi ƙarya ba. Can nesa a kan tudu ta hango Thady yana watsa ciyawar teku a kunyoyin dankali. Amma hayaƙi na fita daga gidan, kuma a kan shingen baya an shanya safar mata guda biyu.

Ta ƙwanƙwasa. Shiru. Ta ƙara, da ƙarfi. Tana jin motsi a ciki amma ba a amsa ba, sai ta tura ƙofar.

Wata 'yar ƙaramar mace ce tsaye a tebur, ta ba ƙofa baya, tana murza ƙullun burodi. Za ta yi shekara arba'in. Goggo ta yi gaisuwa, matar ba ta juyo ba. Ta ɗaga murya, ko gezau. Sai da inuwarta ta faɗa kan teburin matar ta waiwayo, ta saki ƙullun, ta ruga ɗakin yamma da gari a hannuwanta, ta ja ƙofa ta rufe kanta. Goggo ta ce ba gudun ne ya tsorata ta ba. Yadda matar ta yi shi ne, ba kuskure, ba neman hanya, kamar abin da aka koya mata ta kuma yi sau ɗari.

Ta ja kujera ta zauna. Ta rufe ƙullun da tsumma kada ya bushe. Kare ya riga ya kai labari, ba a jima ba Thady ya shigo da cokalin taki a hannu. Ya gan ta, ya dubi ƙofar ɗakin yamma, ya jingine cokalin a bango a hankali.

"Dankalin irinka ya iya burodi," in ji Goggo.

Ya zauna a bakin murhu. "Ƙanwata ce. Nell. Zazzaɓi ya tafi da jinta tana 'yar shekara huɗu, maganar ma ta bi shi. Hankalinta ƙalau."

"Malachy ya ce ba kowa a gidan."

"Ranar da za ki shigo ba za ki tarar da kowa ba. An samo mata gado a gidan gajiyayyu na gunduma. Litinin kafin biki za a kai ta." Ya sunkuyar da kai. "Malachy ya ce sharaɗinki ne."

"Ni ban san da ita a duniya ba sai yau."

Ya ɗago ya dube ta, karon farko ido cikin ido. Ta ce ta ga mamaki a fuskarsa, amma ba ta yarda da shi nan take ba, don mamaki ba shi da wuyar yi.

"To a ce sharaɗina ne. Ka yarda ke nan?"

"Sau uku ana kawo magana cikin shekara goma sha biyu, sau uku tana lalacewa a kan Nell. Shekarata hamsin da ɗaya. In na faɗi gobe, gonar ta Lynch ce, kuma ba zai kwana bakwai ba zai kai ta can ɗin dai. Na ce in mace ta shigo ta saba da gidan, bayan shekara guda in roƙe ta a dawo da ita."

"In ta ƙi fa?"

Ya juya ya gyara wutar murhu.

"Nell ta sani?"

"Ta ga akwatin da na sauko da shi. Ba ta tambaya ba."

"Shanu huɗun fa, su ma ka ce bayan shekara guda ka roƙe ni in haƙura?"

"Wannan dabarar Malachy ce. Lynch ya ba da aro."

"Kai ba ka da dabara ko ɗaya, sai ta mutane."

Thady ya tashi ya je ƙofar ɗakin ya buga ƙasa da ƙafa sau uku, yadda za ta ji a jikin katako. Nell ta fito tana bin bango. Ya yi mata wasu alamu da hannu, ta dubi Goggo daga sama har ƙasa, ba murmushi. Ta wanke hannu ta dafa shayi, ta yanko burodin jiya da man shanu. Goggo ta ci. Ta gaya mini cewa burodin ya fi nata, kuma abin bai yi mata daɗi ba. Da za ta tafi, Nell ta kama bakin mayafinta ta juya shi, ta nuna mata inda ta tsallake ido biyu a saƙa, ta girgiza kai.

Ta dawo gida kafin mazan, ta mayar da keke, ta ɗora tukunya. Kwana huɗu ba ta gaya wa kowa abin da ta gani ba. Tana kallon mahaifinta yana cin abinci tana tambayar kanta ko ya sani. Mahaifiyata ta rantse ba su sani ba, daga shi har Colman. Goggo kuwa cewa ta yi mutumin da ya shekara hamsin yana sayen shanu, ya tsaya gaban ƙofa da kwaɗo bai ce a buɗe ba, ya san abin da ba ya so ya sani. Har ya mutu ba ta tambaye shi ba.

Ranar rubuta yarjejeniya a ofishin lauya, suka fito suka tarar da ita zaune cikin keken doki da mayafin coci.

"Ina za ki?" in ji kakana.

"Inda za a sayar da ni. In ga ma'auni."

A ofishin ga lauya, ga Malachy, ga Thady a kusurwa da hularsa. Lauya ya fara karantawa, ya kai wurin shanu takwas, ta ce ya dakata.

"Malachy, jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho, tana cikin takwas ɗin?"

"Tana ciki mana, 'yata."

"To a rubuta ta da kamanninta. In ya so Lynch ya zo ya sa hannu, tunda a garkensa take kwana."

Malachy ya fara cewa ai tsakanin dangi dabba takan kwana nan ta kwana can. Ta bar shi ya gama, sannan ta faɗi turaku huɗu, ta faɗi fadama, ta faɗi Nell da sunanta. Kakana ya miƙe yana neman sandarsa, yana cewa an mayar da shi abin wasa, magana ta mutu. Colman ya yi fari fat, don in wannan ta mutu tasa ma ta bi ta.

"Zauna, Baba," in ji ta. "Ban ce ba na yi ba."

Ta juya wurin lauya ta faɗi nata. Dukiyar da za a bayar a rage ta ta dace da shanu huɗu. Nell ta zauna a ɗakin yamma muddin ranta, da abincinta, da wurin zamanta a bakin wuta, ba mai fitar da ita, ko miji ko mata ko magaji. In Thady ya riga Goggo mutuwa, da ɗa ko babu, gida da gona nata ne. Lauya ya dubi Thady. Thady ya dubi Malachy bisa sabo, sai ya kau da kai ya ce a rubuta. Aka rubuta. Ta sa aka karanta sau biyu, sannan ta karɓi takardar ta bi ta da yatsa layi-layi, mazan na tsaye suna jira.

Na sha tambayarta me ya sa ta yarda bayan duk abin da ta gani. Amsar takan canza. Wata rana ta ce, "Na ga iyakar ƙaryarsu. Wani gidan kuma sai in faro daga farko." Wata rana kuma, muna tsinke wake, ta ce in da ta zauna a gida, shekara goma ba za ta cika ba ita ce za a riƙa turawa ɗaki in baƙi sun zo.

Ranar Talatar ƙarshe kafin azumi aka ɗaura, da safe, aka ɗunguma Derreen a kekunan doki, samari na tsere a hanya. Al'ada ce uwar miji ta tsaya a bakin ƙofa ta karya wainar hatsi a kan amarya kafin ta shiga. Babu uwar miji, wata maƙwabciya ta ɗauki wainar. Goggo ta tsaya a waje ta ƙi shiga, ta ce a kira Nell, ita ce mai gidan. Sai da Thady ya je ya fito da Nell daga ɗaki, mutane na kallo, rabinsu sun shekara ashirin ba su sa ta a ido ba. Aka ba ta wainar. Ta yi ɗage, ta rafka wa Goggo ita a ka da ƙarfin da ya fi na al'ada. Goggo ta ce har yau ba ta san ko maraba ce ko gargaɗi ba.

Da yamma ana goge ana rawa sai ga 'yan kara sun shigo, su tara, kowa ya rufe kai da fuska da doguwar hular karan hatsi, ba a gayyace su ba kamar kullum, ba sa magana kada a gane murya. Shugabansu ke rawa da amarya, kuma ba a ƙi. Goggo ta dubi ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Takalmin shugaban ta san shi, ta gan shi a kasuwar Oktoba. Lynch ne. Tun ranar lauya wani abu ke cin ta: mutumin da zai gaji gona in Thady bai yi aure ba, me zai sa ya ba da aron shanu don auren ya yiwu? Kuma cikin shanunsa goma sha biyu, me ya sa ya zaɓi wadda duk gundumar ta san ƙahonta? Ta ba shi hannu suka shiga fili. Suna juyawa ta matso kusa da karan ta ce, "Na gode da jar saniya. Ta yi aikin da ka aike ta, sai dai ban fasa ba." Ta ce ya yi tuntuɓe. Mahaifiyata, wadda ke wurin, ta ce kowa na tuntuɓe a cikin hular nan, ba a ganin ƙasa. Ba a taɓa tabbatar da komai a kansa ba. Shekara talatin suna maƙwabtaka, ba ta taɓa karɓar ko ƙwai daga gidansa ba.

Ba su haihu ba. Ta yashe magudanun fadamar da hannunta tare da Thady, shanun suka kai shida. Ita da Nell suka raba gidan: burodi da saƙa na Nell, mai da kaji na Goggo, kuma suna faɗa kusan kullum, da hannu, da buga tukwane, har Thady ya ɗauki hularsa ya fita. Cikin shekara guda ta iya alamun Nell fiye da shi. Takan kai ta coci ta zaunar da ita a layin gaba, ta juyo ta dubi duk mai kallo har sai ya sunkuyar da kai. Na taɓa tambayarta ko daga baya ta yarda da Thady. Ta ce, "Na san inda yake a kowace sa'a." Da ya kwanta ciwon ajali, bayan shekara ashirin da biyu, mako shida ba ta bar kowa ya ɗaga shi ba sai ita.

Labarin ofishin lauya ya bazu, iyayen 'yan mata suka fara biyowa ta Derreen in za su taka gona, su tafi da ita, wai rage mata hanya suke yi. Maza na gaba ana nuna musu shanu, ita tana bayan gida tana duba juji da igiyar shanya. Malachy in ya hango ta a Miltown sai ya tuna yana da saƙo a ɗaya gefen titi. Ta hana aure biyar ko shida, kuma yawancinsu an gode mata daga baya. Ɗaya dai ta yi kuskure. Wani mutumin kirki daga Quilty, ta ji yana tari a bayan garke ta ce ciwon huhu ne ake ɓoyewa, aka fasa. Mutumin ya kai shekara tasa'in. Yarinyar ta tafi Ingila ta auri mashayi. In an ambaci wannan a gabanta sai ta tashi ta duba wuta.

Nell ta rasu a ɗakinta na yamma, shekara takwas bayan Thady. Daga nan Goggo ta ɗauko ƙanena Senan ya riƙe mata gonar, ta gwada shi shekara uku kafin ta sa sunansa a takarda.

Tana da shekara saba'in da tara ta fara rama. Na zo daga Limerick na tarar likita na duba ta. Ya ce ba komai, sanyi ne ya kama ciki, ta sha magani ta huta. Yana fita ta kamo hannuna.

"Bi shi. Ki tsaya bayan tarin itace ki ji abin da zai gaya wa Senan a bakin mota."

Na bi shi, na ji. Na tsaya a waje na gyara fuskata, na dawo na ce mata maganar ɗaya ce, sanyi ne.

Ta dube ni. "Ba ki iya ba, 'yar Colman," in ji ta. "Ɗauko baƙar rigata a akwati a goge ta. Ki duba ƙasan hannun, ina jin asu ya taɓa."

Asu ya taɓa kuwa. Na ɗinke wurin a gabanta, ta karɓa ta duba ɗinkin ta ce zai yi. Bayan mako uku muka binne ta cikin rigar a Derreen, tsakanin Thady da Nell, a wurin da ta riga ta je ta auna da kanta.